Tsagar Zauren Saaka

Zauren gidan Saaka a unguwar Kukuo ya girmi duk wanda ke shiga cikinsa. Zagayayye ne, ginin ƙasa, tsaye shi kaɗai a tsakiyar gidajen bulo da kwano. Shekara talatin da ɗoriya ke nan Maltiti, matar Saaka, ke jagorantar yaɓensa duk bayan damina. A unguwar, bango shi ke faɗin halin matan gida. In ya yi sumul an san akwai mata a ciki, in kuwa ya tsage ba mai cewa uffan, sai dai a riƙa haɗa ido a bakin famfo.

Shi ya sa ranar da maƙwabciyarta Awawu ta miƙo mata waya tana danne dariya, Maltiti ta ji kunya har cikin ƙashinta. Ga zaurenta nan ɓaro-ɓaro, da wata tsaga tun daga sama har ƙasa, hasken la'asar ya zauna a kanta daram. Wata mai ɗaukar hoto ce daga Kumasi, Rakiyatu, da ke yawon ɗaukar tsofaffin gine-gine, ta biyo ta nan bara, saura mako guda a yi yaɓe, ta ɗauki hoton ta sa a intanet. Awawu ta ce mutum dubu huɗu hoton ya burge. Maltiti ba ta ga wata burgewa ba, ita dai ta san mutum dubu huɗu sun ɗauke ta raguwa.

Damina na ɗaukewa sai ga Rakiyatu a bayan mashin, kamara rataye a wuya, baki har kunne.

"Mma, sannu da gida. Na dawo wa zauren nan, mutane suna sonsa sosai."

Maltiti ta dube ta sama da ƙasa. Da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ta ce, "Gobe da safe ka zo. Ka sa tsohon zani."

Washegari matan unguwa suka taru. An kwaɓa laka da kashin shanu, ga jiƙon ɓawon ɗorawa a tukunya, wanda ake yayyafa wa bango don ruwa ya kasa cinsa. Awawu ta ɗauko waƙa da Dagbanci, sauran suna amsawa. Rakiyatu ta ɗaga kamara ke nan Maltiti ta zare ta, ta rataya a nata wuyan, ta nuna mata bahon laka.

Baiwar Allah ta yatsina fuska, amma ta tsoma hannu. Curin farko da ta manna ya zubo mata a ƙafa, mata suka kwashe da dariya har waƙa ta tsinke. Maltiti ta kama wuyan hannunta, ta cusa mata yatsu cikin sabuwar tsagar da ruwan bana ya buɗe, ta nuna mata yadda ake cika ta, a danna, a shafe da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama. Kafin azahar Rakiyatu ta daina tunanin wari, har tana amsa waƙar da ba ta san ma'anarta ba.

Da aka yayyafa jiƙon, bango ya yi ja-ja-wur yana sheƙi. Rakiyatu ta tsaya tana haki, laka har gwiwar hannu. Awawu ce ta raɗa mata abin da hoton bara ya jawo.

"Mma, wallahi ban san abin kunya ba ne. Ki yi haƙuri. Zan cire shi yau, in sa na bana. Ba ni in ɗauka."

"A'a. Bara kai ka ɗauka. Bana ni."

Rakiyatu ta nuna mata wurin dannawa da haɓa. Maltiti ta ja baya taku uku, ta riƙe kamarar da hannu biyu kamar ƙwaryar da ta cika da koko, ta danna. Mata suka yi caa a kanta. Bango ne ya cike hoton, sumul, babu ko layi, sai rabin fuskar Rakiyatu a gefe tana dariya. Daɗi ya kama Maltiti, ba ta ma ɓoye ba.

"Mma, ai kin yanke rufin gaba ɗaya!"

Maltiti ta leƙa hoton, ta ɗaga kai ta dubi tsohon jinkan da ciyawarsa ta fara zubewa, ta miƙa mata kamarar.

"Rufi aikin maza ne. Saaka ya nemi mai ɗauka masa."