Agogon da Ke Farkawa a 1980

Kawu Muhyiddin bai taɓa buga ko harafi ɗaya a kwamfutarsa ba, amma a allon ƙofar shago an rubuta Darakta. Ni ce mai buga takardun. Ban wuce sakandare ba. Sauran a littattafan Jacob na koya, ɗan bautar ƙasar da ya haɗa mana injin a 1998, ya sa masa tsarin nan na kyauta da mutanen duniya ke haɗuwa su rubuta, ya koma garinsu.

Shi ya nuna mini zauren hira na intanet. Layin wayarmu ya kira Kaduna, ya yi kukan nan kamar akuya ta maƙale a shinge, sai ga mutane suna hira a rubuce, masu rubuta furogiram ɗin da ke share tarkace a kwamfuta. Duk wanda ya gyara wani abu, wani ɗan inji ya yi shela: wane ya taɓa kaza. Ni ban taɓa cewa uffan ba. Karatu kawai nake, kamar mai leƙen gidan biki ta katanga.

Ran wata Asabar da safe na sa sabon furogiram ɗin, don Kawu ya ce shi ba ya zama da tsohon yayi. Bayan azahar na shiga zaure, na tarar wata Agatha ta rubuta da Turanci cewa sabon yana da aibi. In agogon kwamfuta ya koma baya, da an kunna ta zai ɗauki duk takardun ciki a matsayin tarkace ya share.

Wani ya amsa mata, "Ba na gaggawa ba ne. Wa ke da agogon da ke komawa baya?"

Mu. Batirin agogon namu ya mutu tun bara. Duk sanda aka kashe ta aka kunna, a Janairun 1980 take farkawa, kuma ba wanda ya damu, don a Kontagora ba mai tambayar kwamfuta kwanan wata.

A cikinta akwai maganar Bappa Gidaɗo. Tsoho ne daga wata ruga bayan Sahon Rami, ya yi ta zuwa duk ranar kasuwa yana faɗa ina bugawa: ciwon shanu da maganinsa, wane ganye, wace saiwa, da sunan wanda ya koya masa. Ya rasu bayan ƙaramar salla. Ba a fitar a takarda ba, ana jiran tawada. Faifan da na ajiye kwafi kuwa, Kawu ya sa shi a aljihun gaba ya je ɗaurin aure don a gani, ruwan sama ya dake shi. Wani faifan babu.

Na ɗaga kai na dubi fanka. Tana juyawa kamar ba ta so. Haka take yi in an kusa ɗauke wuta.

Sai ga sallama. Kawu ne, a bayansa Adda Kubura, 'yar Bappa, ta zo jin ko aikin ya fito.

Kawu yana da al'ada. In baƙo ya zo, sai ya kashe kwamfuta ya kunna, don baƙon ya ga rubutu na gudu a fuskarta. Yakan ce gaishe shi take yi.

"Malama Kubura, matso ki ga yadda take tarbar Darakta," in ji shi, ya miƙo yatsa.

Na ɗora hannuna a kan maɓallin. Ban taɓa tare Kawu ba, balle a gaban baƙuwa.

"Saudatu, lafiya?"

"Kawu, Turawa ne a kan layi. In ka kashe za su ce Darakta ya katse musu magana."

Ya janye yatsan, ya gyara hula. "Su nawa?"

"Da yawa."

"To ki gaishe su. Ki ce Darakta Muhyiddin, Kontagora."

Da hannu ɗaya na buga, ɗayan na kan maɓalli. Maganata ta farko a zauren kenan, kuma ko da Kawu bai ce ba, ban san yadda ake faɗa wa mutane da buƙata ba gaisuwa ba. Na ce barkansu da rana. Na ce ya aiki. Na tambayi iyali. Fanka na ƙara sanyi ina tambayar mutanen da ban sani ba lafiyar 'ya'yansu.

Wani ya rubuta, "Wannan inji ne?"

Agatha ta ce, "Mutum ne. Lafiya lau muke. Me ya faru?"

Na faɗa mata. Agogo, 1980, wutar da za ta tafi, da tsohon da ya rasu.

"Kada ki kashe," in ji ta. "Ki buga abin da zan turo, daidai yadda yake. Layi biyu ne, za su hana shi sharewa."

"Sun amsa?" in ji Kawu.

"Suna gaishe ka."

"Kin faɗi Daraktan?"

"Na faɗa, Kawu."

Layin farko ya zo. Na buga, na kuskure, na goge, na sake. Na biyu ya zo, dogo, da alamomin da sai na nemo su a madannai. Kawu yana yi wa Adda Kubura bayanin cewa shi da Turawan sun saba. Na danna.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Fanka ta ƙarasa juyinta ta tsaya.

Ban ga amsar injin ba. Ban san ko ya karɓa ba.

Adda Kubura ba ta jin Turanci, amma fuskata take kallo tun ɗazu. Ta ce, "Ƙanwata, Bappa yana ciki?"

Na gaya mata gaskiya, a gaban Kawu. Na ce yana ciki yanzu. In an kunna, ko ya zauna ko ya tafi, ban sani ba.

Ta zauna a benci, ta naɗe hannu a mayafi. "Mu bai faɗa mana ba," in ji ta. "Ya ce mu ba ma zama mu ji. Ke ya faɗa wa."

Na yi ƙoƙarin tuno maganin ciwon hanta na shanu. Ganye ne, na san da wannan. Wane ganye, babu. Bugawa na yi ta yi, ban saurara ba.

Aka kira la'asar, Kawu ya je masallaci ya dawo. Bai yi maganar Turawa ba. Ya ɗauki ƙyallen da yake rufe kwamfuta da shi, ya ninke, ya warware, ya sake ninkewa.

Gab da magariba fanka ta motsa.

Muka dubi maɓallin mu uku. Kawu ya sa hannu a aljihu. "Ke kunna," in ji shi.

Na yi bisimilla na kunna. Rubutu ya yi ta gudu, ba wanda ya ce gaisuwa ce. Ta farka a 1980 kamar kullum. Na buɗe inda nake ajiye aiki, ido ɗaya a rufe.

Yana nan. Na karanta wa Adda Kubura layin farko, inda Bappa ya ce in rubuta sunan kakarsa kafin komai. Ta ce, "To sake daga farko, a hankali." Wannan karon ni ma na saurara.

Asabar ta gaba na shiga zaure, ɗan injin ya yi shela: Agatha ta gyara matsalar agogon Kontagora. Na fassara wa Kawu. Ya ce ai dama ya san sunansa ya kai can. Batirin dai har yau bai saya ba.