Kyautar Bakin Lambatu

A unguwarmu ta Bwaise ruwan sama ba ya sallama. Yana sauka can kan tudu wajen masu benaye, ya tattaro ledojinsu da ɓawon ayabarsu, ya kawo mana har kan gado. Lambatu ɗaya ne ya ratsa layinmu, shi ma laka ta cika shi har awaki na kiwo a ciki.

Shekarar da ambaliya ta tafi da katifar shugaban unguwa, Lubwama, sai Allah Ya buɗe masa ido ya gane talakawa na shan wahala. Ya tara masu gidaje a makarantar firamare, aka yanke cewa duk wanda filinsa ya taɓa lambatu zai riƙa biyan kuɗin yashewa kowane wata, gwargwadon tsawon bakin filin. Matan da mazansu suka rasu kawai aka yafe wa.

Kowa ya yi gunaguni ya amince, ban da Hajji Kiggundu. Ɗakunan hayarsa sun jeru a bakin lambatun kamar taragon jirgi, don haka kasonsa ya fi na kowa.

"Ni na kira ruwan?" in ji shi. "Ku hau tudu ku karɓa wajen waɗanda suka turo shi!"

"Hajji, doka ce," in ji Lubwama.

"To, mu ma mun iya doka."

Ashe kuwa ya iya. A bayan ɗakunansa akwai wani akurki da a da ake ajiye siminti, nan ya sauke Inna Nakazibwe, matar ƙanen mahaifinsa, tun rasuwar mijinta. Gaisuwarsa ba ta cika isa ƙofarta ba. Ranar wata Juma'a sai ga Hajji ya riƙo hannun tsohuwar kamar ƙwai, ya kira liman, ya kira Lubwama, ya kira ni da nake sayar da gawayi a bakin layi don in yi shaida. Ya ce zumunci ya hana shi barci. Saboda haka ya ba Inna kyautar filin da ke tsakanin bangonsa da lambatu, daga farkon ɗakunan har ƙarshensu. Faɗin filin kuwa, in akuya ta kwanta a kai sai jelarta ta taɓa ruwa.

"Ɗana, nawa ne ke nan?" in ji tsohuwar. "Har abada?"

"Har abada, Inna."

Liman ya yi doguwar addu'a, aka sa hannu. Yanzu filin Hajji bai taɓa lambatu ba, wadda nata ya taɓa kuma an yafe mata. Lubwama ya haɗiye fushinsa ya ce amin. Mu kuma aka raba mana kason Hajji muka ɗauka, tunda mu ba mu da zumunci.

Da masu yashewa suka zo da shebur da kwanduna, Inna ta fito da sandarta ta ce kada su wahalar da kansu kai laka nesa, su zuba mata a gonarta. Suka zuba. Filin ya tashi ya zama ganuwa, ta shuka gwaza da rake a kai. Sai ta lura bututan ɗakunan Hajji na zubo ruwan sabulu a kan shukarta, ta sa aka toshe su da siminti. Katakon da 'yan haya ke takawa su tsallaka lambatu zuwa titi shi ma a gonarta ya sauka, ta sa aka janye. Masu zuwa aiki suka koma zagayawa ta kasuwa.

Damina ta sauka. A karon farko tun da na san kaina, ruwa ya bi lambatu ya wuce abinsa. Na tsakar gidan Hajji ne kawai bai sami hanya ba, ya tsaya cak tsakanin bango da ganuwa. Kwaɗi suka tare ba tare da biyan haya ba. Masu biya kuwa suka fara ɗora katifu a kan babura.

Hajji ya naɗe wando har gwiwa ya iske tsohuwar tana gyara rakenta.

"Inna, ki buɗe bututan nan."

"Su kashe mini gwaza?"

"Haba Inna, ke ma kin san kyautar nan ta baki ce."

"Ni dai kunnena ya tsufa, amma na ji har abada. Ko liman ne ya ji ba daidai ba?"

Ya garzaya wajen Lubwama ya ce a soke. Lubwama ya gama cin ayabarsa da miyar gyaɗa, ya wanke hannu, ya goge.

"Hajji, ni in raba tsohuwa da filinta? Bayan wa'azin zumuncin da ka yi mana har na kusa hawaye? Ina jin tsoron Allah."

Sai da ɗakuna suka kusa zama kango aka zauna sulhu. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce za ta bar bututan su wuce ta ƙarƙashin gonarta, a mayar da katako, in Hajji zai riƙa biyan kuɗin yashewa na tsawon filin duka, ya kuma maida wa maƙwabta abin da suka biya masa. Sannan ƙafafunta sun gaji da akurki, tana son ɗakin gaba mai taga da banɗaki. Fili kuma yana nan a nata.

"Inna, wannan ai fashi ne!"

"To a bari sai damina ta wuce, ɗana. Ni ba na sauri."

A ranar ya yarda.

Yanzu babu mai kishin lambatu irin Hajji Kiggundu. Shi ke fara zuwa taro, shi ke neman a ci tarar masu jinkiri. Watan jiya ciniki ya yi mini nauyi ban biya da wuri ba, sai ga shi a rumfata tun da safe, kafin ma Lubwama ya sani.

"Wasu mutane," in ji shi yana kallon buhunan gawayina, "ba su san haƙƙin jama'a ba."