Majinyacin Gado Na Tara

Zazzaɓi ne ya kwantar da Sista Kande bayan azahar, takardun kamfanin a kan ƙirjinta. Shekara talatin da biyar tana aikin jinya, jiya-jiya kuɗin sallamarta suka shigo, yau kuma Nafi'u ɗan yayarta ya sa ta a gaba wai sai ta zuba su duka a hannun jarin wani ƙaramin kamfanin manhajar waya. Ta karanta lissafin sau uku, bai shiga kanta ba. Idonta ya yi nauyi.

Sai ga ta a ɗakin majinyata, ƙasan duk ruwa, gadaje na yawo kamar kwale-kwale. Matiron Uwani, shugabarta ta farko wadda ta rasu tuntuni, tana tsaye bisa ruwan da farar hularta, ko jiƙewa ba ta yi ba.

"Kin makara, Kande. Gado na tara."

Wani saurayi ne kwance cikin kwat, jibgege, fuskarsa gilashin waya, koren layi sai hawa yake yi a kanta.

"Lafiyata ƙalau, Hajiya," in ji shi. "Bara kaɗai na ninka uku."

"Ƙiba ce ko kumburi?" in ji Matiron. "Danna ki gani."

Kande ta danna ƙafarsa. Wurin ya lotsa, bai taso ba. Ta ɗora masa abin sauraron ƙirji, sai abin ya raɗa mata a kunne: "Ni fa ba na jin zuciya. Tafi kawai nake ji."

"Me kake ci?" ta tambaye shi.

"Alkawari."

"Masu sayen kayanka fa?"

"Suna hanya."

Rufin ɗakin ya yaye. Ledojin jini ne rataye har sararin sama, kowacce da sunan mai ita, duk suna ɗiga cikin hannunsa.

"In aka cire masa waɗannan, wata nawa zai kai?" in ji Kande.

Matiron ta ɗaga yatsu huɗu. Kande na kallo ɗaya ya narke.

"Ke nan mutuwa zai yi?"

"Ban ce ba. Cikin goma, ɗaya kan tashi har ya yi gudu. Amma a ina kika taɓa ganin mai ba da jini ya ba da duka?"

Wata allura ta taso daga ruwan tana shinshina hannun Kande. Ta fizge. Allurar ba ta damu ba, ta wuce ta, can kuma wata sabuwar leda ta fara cika. Kande ta ɗaga kai ta karanta sunan: Sista Ladi, aminiyarta, mai marayu huɗu. Tsoro ya kama ta, ta yi ihu, murya ta ƙi fita.

Ta farka jiƙe da gumi, waya na kuka. Ladi ce, muryarta fes.

"Kande, Nafi'u ya ce kin shiga, ni ma yanzu na tura nawa gaba ɗaya. Tunda ke ce, wallahi ko takardun ban buɗe ba."