Ta Ce Masa Mushe

"Da'u! Sun kama ƙanin matarka!"

Da'u ya saki bakin buhun gyaɗar da yake ɗinkewa, basilla ta faɗi ƙasa. Datti ɗan acaɓa ne ke ihun, ko babur ɗin bai kashe ba.

"Su wa suka kama shi?"

"Yaran Malam Muhyiddeen mana. Daga gonaki suka kwaso masu cirar gyaɗa, har da Ɗantani. Suna firamaren bayan kasuwa. Hau, dalla!"

Ranar kasuwar Ajingi ce, hanya cike da amalanke da awaki. Datti ya riƙa kutsawa yana zagin duk wanda ya tare shi. Da'u na baya, ya rasa addu'ar da zai kama.

Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar Ekowas gardama ba ta mutu ba a garin. Teburin mai shayi, bakin masallaci, cikin bas ɗin Kano, ko'ina ita ce: mu ma mu fita, ko mu zauna? Da baki kawai ake yin ta, har sai da aka kore wa wani bawan Allah shanu a hanyar Kademi, ba a kama kowa ba. Daga nan Malam Muhyiddeen, wani matashin malamin makaranta mai kaifin harshe, ya haɗa samari ya ce sunansu Matasan Gari Namu. Suka ce ɓarayin baƙi ne, kuma duk ɗan Nijar ya koma inda ya fito.

Abin da ke damun Da'u ba Ɗantani ba ne kaɗai. Matarsa Hansai, duk garin 'yar Maigatari suke ce mata, don a can ya auro ta lokacin da yake kai hatsi. Shi kaɗai ya san cewa daga wani ƙauye kusa da Magarya ta tsallako, a cikin Nijar. Ta zauna, ta haifi Wasila da Sadiyya, ta goge harshenta har ya fi na 'yan gari Kananci. Ƙaninta kuwa bana ya fara zuwa ƙwadago.

Wata tsohuwar motar ɗaukar buhuna na tsaye a filin makarantar, an riga an ɗora mutane a bayanta. Da'u ya kutsa cikin ajin da hayaniya ke fitowa. An jera 'yan ƙwadago a jikin bango, hannuwansu ɗaure da igiyar shanya. Ɗantani na can ƙarshe, leɓensa ya fashe.

A gaban allo kuwa Alhaji Maiwada, tsohon dillalin hatsi, ya tare Malam Muhyiddeen yana nuna shi da sanda.

"Baba, da ƙafarsu suka fita," in ji Muhyiddeen. "Babu wanda ya kore su. Mutum ya ce ya bar gidanka, ya buga maka ƙofa, amma kullum da azahar ka same shi a gaban kwanonka? Ni a ganina mu ma mu fice. Ƙungiyar da ba ta iya komai ba sai wangale mana iyaka, me za mu yi da ita?"

"Masu mulki suka fita, ba waɗannan ba," Maiwada ya nuna na jikin bango. "Da za a shiga ƙungiyar an tambayi ubanka? To su ma da za a fita ba a tambaye su ba. Kai, kakarka ta wajen uwa daga ina aka kawo ta?"

"Daga Gumel."

"Kafin Gumel fa?"

Wasu suka fashe da dariya. Muhyiddeen ya haɗe fuska.

"In mun fita," Maiwada ya ci gaba, "wa zai cire mana gyaɗa? Waɗannan masu wandon da ke zamewa?"

"Baba, a ba mu aikin a gani!" wani saurayi ya yi tsawa daga taga.

"Kai Abdulsalam, rufe min baki. Bara na ba ka aikin, kunya biyu ka cire a gona ka ce bayanka ya riƙe."

Aka sake dariya, amma ba ta yi nisa ba. Samari biyu suka kama tsohon ta kafaɗa, cikin ladabi, suka zaunar da shi a kan benci. Ya yi ta magana, babu mai saurare.

Da'u ya matsa. "Malam, wancan na ƙarshe surukina ne. Ɗan Maigatari ne."

"Kowa a nan ɗan Maigatari ne, Baban Wasila," in ji Muhyiddeen. "Tun safe ban ga ɗan Nijar ko ɗaya ba. Shi ya sa ba ma tambayar gari. Bakinsu muke tambaya."

Ya zaro biro daga aljihu ya ɗaga a gaban wani dattijo mai furfura a gemu.

"Mene ne wannan?"

Dattijon ya dubi abin, ya dubi jama'a, kamar yana neman inda tarkon yake. "Bik ne."

"Mota!" samari suka amsa baki ɗaya. Aka ja shi waje yana tambayar laifin da ya yi.

Haka aka yi ta bi. A tambayi mutum ina yara ke zuwa da safe, in ya ce lakwal, mota. A nuna masa agogo, in ya ce montur, mota. Wani ya tsallake duka, aka ce ya faɗi sunan ƙungiyar da ƙasarsu ta bari, ya ce Sedeyawo, aka yi ta tafi kamar an ci ƙwallo.

Aka zo kan Ɗantani. Da'u ya san Hansai ta sha zaunar da shi a tsakar gida tana gyara masa baki, har yara na yi masa dariya.

"Wannan fa?"

"Biro."

"Ina yara ke zuwa?"

"Makaranta."

"Ƙungiyar?"

"Ekowas."

Muhyiddeen ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga kafaɗa. "Ku kwance shi."

Abdulsalam ya sunkuya zai warware igiyar ke nan sai ƙofa ta bugu. Hansai ce, hijabinta a karkace, ƙafa ba takalmi, hannunta duk garin tuwo. Ba ta ji hukuncin ba. Igiya ta gani, da jini a bakin ƙaninta, da malami tsaye a gaban allo. Ta ture mutane ta zube a ƙasa ta kama bakin rigar Muhyiddeen.

"Mushe! Mushe, don girman Allah ka sake shi!"

Kowa a ajin ya juyo ya dube ta.

Da'u ya rufe ido. Ya san kalmar. Tana yarinya ta ɗan yi makaranta a ƙauyensu, can kuma haka ake kiran malami don girmamawa. Shekara da shekaru kalmar na kwance a ƙarƙashin harshenta, tsoro ya tono ta. A Ajingi kuwa mushe abu ɗaya ne: dabbar da ta mutu ba yanka, wadda ake ja a yar a bayan gari.

"Me ta ce?" wani ya tambaya.

"Mushe ta ce masa! Malam ne mushe?"

"Matar aure, a gaban jama'a!"

Takalmi ya fara zuwa, ya sami Hansai a kafaɗa. Ta ɗago a ruɗe, sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta sa hannu ta toshe shi. Wani ya fizgo gora daga bayan ƙofa. Da'u ya faɗa a kanta, gorar ta sauka a gadon bayansa, ta biyu ta sami kunnenta. Ya ga jini na bin hijabin.

"Ku tsaya! Ba zagi ba ne!"

"To mene ne? Yabo?"

Hansai ta damƙe hannunsa da ƙarfi, tana girgiza masa kai. Ya gane abin da take nufi: a bar shi a zagi, a doke ta, ya wuce. Amma gorar ta sake tashi, mai riƙe da ita kuwa idonsa ya rufe.

"Malam take nufi!" Da'u ya yi ƙara. "Wallahi girmamawa ce! Haka suke ce wa malami a can!"

Gorar ta tsaya a sama.

"A can ina?" Muhyiddeen ya tambaya a hankali.

Hansai ta saki hannunsa.

"A Maigatari dai ba a faɗin haka," in ji Abdulsalam. Ya mayar da ƙullin igiyar Ɗantani, ya ƙara ja.

Muhyiddeen ya dubi matar da ke durƙushe. Shi ya koyar da Wasila lissafi, ya sha cin ƙosan gidan. Da'u ya ga haka a fuskarsa, ya kama.

"Malam, uwar ɗalibarka ce. A nan ta haihu, a nan ta binne ɗanta na fari. Ina za ta? Iyayenta sun rasu, can ba ta da kowa."

Muhyiddeen ya waiga. Wayoyi sun cika tagogi, kowa na ɗauka. Ya goge gumi da hularsa.

"In na ce ta zauna, Baban Wasila, me zan ce wa dattijon da ke kan mota? Ba ni na yi dokar bakin nan don mutum ɗaya ba."

"Kai ka yi ta, kai za ka warware ta!" Maiwada ya buga sanda a ƙasa.

"Baba, ta fi ƙarfina yanzu."

Da'u ya lalubo waya ya kira yayansa Muhammad Bashir, wanda ke aiki a Gaya, ya san manya. Ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka. Ya saurara har Da'u ya gama.

"Ina wajen jana'iza a Kademi," ya ce da ƙaramar murya. "Da'u, ka ce min 'yar Maigatari ce. Ni ma haka na gaya wa mutane. Ka bari a huce, sai mu san abin yi. Kuma don Allah kada ka ambaci sunana a wurin."

Kafin ya sauke wayar an fitar da su. Hansai ba ta yi gardama ba. Da kanta ta taka tayar motar ta hau, Ɗantani na kuka yana ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifin. Da'u ya kama ƙarfen zai bi ta, samari suka ɓamɓare yatsunsa.

"Kai ɗan ƙasa ne, Baba. Sauka."

"Matata ce!"

"To ka bi ta a bas."

Hansai ta leƙo ta tsakanin katakai. Jinin kunnenta ya fara bushewa.

"Baban Wasila, na bar tukunya a wuta. Ka je kafin yara su taso daga islamiyya." Sannan ta ƙara, "Kada ka ce musu na zagi malaminsu."

Motar ta yi tari ta tashi. Da'u ya bi ta da gudu har bakin kasuwa, yana kiran sunanta, masu awo na matsa masa hanya ba tare da sun dube shi ba. A kwanar masu rake ƙafarsa ta gaza. Ya tsaya dafe da gwiwoyi har ƙarar injin ta ɓace.

Yana nan a sunkuye wata farar mota mai lasifika a ka ta tsaya a gabansa. Mutumin da ya fito ba ɗan garin ba ne: dogo, da baƙin tabarau, samari huɗu na biye da shi riƙe da sanduna sababbin yanka. Ya dubi wayarsa, ya dubi Da'u, ya sake duban wayar.

"Kai ne mijin mai cewa mushe?" ya tambaya yana murmushi. "Mun gani, yaranku sun yi ƙoƙari, amma rabin aiki suka yi. An ce tana da 'ya'ya mata biyu. Wace islamiyyar suke?"