Singiletin Baban Ɓeraye

Shekara da shekaru yana kiwon ɓeraye matsorata a ɗakin bincike, har abokan aiki suka laƙaba masa Baban Ɓeraye. Ya haɗa uwa matsoraciya da uba matsoraci, 'ya'ya suka fito da tsoro, jikoki suka fi su. Hujjarsa ke nan cewa tsoro a jini yake. Gwajin ba wuya: a ɗora ɓera kan katako mai hannu huɗu da aka ɗaga sama, hannu biyu da bango, biyu a buɗe. Matsoraci ya lafe a lungu, mai ƙarfin hali ya fito fili. Nasa ba su taɓa ba shi kunya ba, lafewa suke yi.

Sai ciwon baya ya kwantar da shi, abokiyar aikinsa da ake kira Doguwa ta riƙe masa gwajin. Ran da ya dawo ta nuna masa bidiyo. Ga ɓerayensa, matsorata kaka da kakanni, suna shawagi a fili, ɗaya har ya zauna yana wanke fuska.

"Kin musanya keji," in ji shi.

"Dakta, ga lambarsu nan a kunne."

"To me kika ba su?"

"Abincin da ka bari."

Ransa ya ɓaci, ya ce a sake a gabansa. Aka sake, ɓeraye suka lafe. Ya fita yana gyara wuyan riga, bai kai ƙarshen baranda ba suka fito fili. Doguwa ta ce tana zargin warin jikinsa ne. Don a raba gardama ya tuɓe singiletinsa ya miƙa mata. Ta rataye shi a ɗakin, ba kowa a ciki, ɓeraye suka lafe har da karkarwa.

Farfesa, shugaban sashe, ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa.

"Dakta, daga yau ba za ka ƙara shiga ɗakin ɓeraye ba."

"Ranka ya daɗe, ni na rene su. Ni na zauna da uwayensu suna naƙuda. Wanka nake yi kullum, da sabulu."

"Ba wanda ya ce kai ƙazami ne. Hasali ma bincike ya samu sabuwar hanya, kuma kai ne ginshiƙinta. Singileti muke so, kowane mako. Kada a wanke."

A gida ya gaya wa matarsa cikin fushi, yana jiran ta taya shi.

"Har sai da aka tara masu digiri a kan wannan?" in ji ta. "Ai da sun tambaye ni."

Ranar Litinin ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, singileti ƙulle a leda. Doguwa ta buɗe kaɗan, ta zuro hannu.

"Mun gwada singiletin farko a kan ɓerayen da ba naka ba," ta ce. "Su ko a jikinsu. Naka ne kawai ke firgita haka."

"Kin gani? Jini ne. Me na ce tun farko? Matsa in duba su."

"Jini ne, Dakta, amma sai da warinka yake tashi. Ɗan ja baya, iska na shigo da kai."

Ya ja baya. Ta rufe ƙofar.