Waɗanda Ba Su Hau Bene Ba

Da la'asar rana kan shigo ta taga ta kwanta a gefen gadona, ni ma ina kwance. Tun bara ciwon gajiya ya kayar da ni. A irin wannan lokaci, in na lumshe ido, nakan ga asibitin nan mai bene ya durƙusa kamar raƙumi, mu kuma masu ciwon muna nufarsa a kan gadajenmu, suna tafiya a hankali kamar kwale-kwale.

Autarmu ce ta katse min tafiyar. Tana aiki da masu binciken ciwon namu, can a hawan sama na asibitin.

"Yaya, albishirinki! Sakamako ya fito. Ashe yawancin masu ciwon suna fita, har aiki suna zuwa."

"Su wa kuka tambaya, Auta?"

"Duk wanda ya zo wurinmu."

Na tuna ranar da na gwada zuwa. Na yi wanka, na sa kwalli, na isa gindin matakala. Na daɗe ina kallonta, sannan mai tasi ya mayar da ni gida. Kwana da kwanaki ko kofi ban iya ɗagawa ba.

"To ni me aka ce a kaina?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. "Wai ba ki da sha'awar shiga binciken."

Sha'awa! Na lumshe ido. Gadajen suna nan jere a ƙofar asibitin, layi har bakin titi.

"Auta, je ki ce musu mun iso. Su sauko."