Ƙafar Yaya Jelani

Tun da Bara'atu Ladan ta fara koyarwa a jami'a, tambaya ɗaya take bi: me ya sa wani ƙashin yake haɗewa bayan karaya, wani kuma ya ƙi? Ita da ɗalibanta suna ƙona ƙashin saniya su niƙa, su sarrafa shi ya zama abin cike gurbin ƙashin da ya ruguje, har sabo ya tsiro a kansa. Sun gwada a jikin zomaye ya yi. A kan wannan aikin aka ba ta farfesa a ƙarshen damina, mahaifiyarta Inna Turai kuwa ta ce sai ta zo Ƙauran Namoda an yi walima.

Rabonta da gida ya haura shekara. Hanya ba lafiya, ga aiki ya sha mata kai, kuma duk sanda ta buga waya sai a ce kowa lafiya lau.

Tana shiga gida mata suka ɗauki guɗa. Can ƙarƙashin rumfa ta hango yayanta Jelani, direban babbar mota mai ɗauko hatsi daga Shinkafi da Kasuwar Daji. Yana zaune a tabarma, ya rame, an lulluɓe masa ƙafafu da zane duk da zafin da ake yi.

"Farfesa da kanta! Sannu da hanya," ya ce yana dariya.

Ta durƙusa za ta gaishe shi, sai idonta ya sauka a kan zanen. Gefen dama ya yi tudu har zuwa yatsu. Gefen hagu kuwa, daga ƙasan gwiwa, zanen kwance yake shafe a kan tabarma.

Ta miƙa hannu ta ɗaga zanen, ta ga dungulmi a naɗe da bandeji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ina ƙafarka?"

Guɗa ta tsaya. Jelani ya sunkuyar da kai. Matarsa Sa'adiya ce ta ba da labari. Kafin azumi taya ta fashe masa kusa da Birnin Tsaba, a hanyar Zurmi, motar ta kife, ƙashin ƙwaurinsa ya karye. A ranakun nan babu direban da zai yarda ya bi hanyar ya ɗauko shi saboda 'yan bindiga, sai mutanen ƙauye suka kai shi wurin mai ɗori. Aka jera masa karare, aka ɗaure tam da tsumma. Ya yi ta kukan zugi ana ce masa ɗorin ne yake kamawa. Ko da aka samu aka iso da shi gida, yatsun sun yi baƙi, ƙafar ta fara wari. A asibiti likita ya ce ko a yanke, ko a rasa shi gaba ɗaya.

Bara'atu ta saki zanen. Karaya irin wannan ɗalibin shekarar farko ma ya san ta, tana warkewa. Da an kira ta an ce yatsu sun kumbura sun yi sanyi, magana ɗaya za ta faɗa: a kwance ɗaurin.

Ta juya wurin mahaifiyarta. "Inna, na kira ku da azumi. Na kira ranar Sallah. Da shi kansa na yi magana!"

"Shi ya hana," in ji Inna Turai, ba ta ɗago ba. "Yayanki ya ce ana duba takardunki na ƙarin girma, kada a tada miki hankali. Munka bi maganarshi."

"Ai ba likitar asibiti ce ke ba, Bara'atu," Jelani ya ce a hankali. "Ni na ɗauka aikinki na zomaye ne da rubuce-rubuce. Mi za ki yi mani daga can?"

Wannan maganar ta fi ganin dungulmin gigita ta. Da gaske yake, ba gori ba ne. Ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita, ta gane babu ko mutum ɗaya a gidan da ya san abin da take yi. Sun san dai tana da girma a jami'a. Ita kuma ba ta taɓa zama ta yi musu bayani da Hausa ba.

An yi walima washegari. Malamai suka yi addu'a, aka ci aka sha, ita kuwa ko loma ba ta iya kaiwa baki ba. Da baƙi suka watse ta wanke hannu, ta kwance bandejin da kanta, ta duba ɗinkin, ta latsa tana tambayarsa inda yake jin zafi. Wurin ya warke sarai, zai ɗauki ƙafar roba.

Ta ɗage komawarta, ta tafi da shi Kano aka auna shi. A hanyar dawowa yake gaya mata cewa a tashar Ƙaura kaɗai ya san 'yan acaɓa da yaran mota da yawa da ɗori ya ci wa hannu ko ƙafa. Ya fara kiran sunayensu da garuruwansu, daga Sakajiki har Zurmi. Bara'atu tana saurare, ga mota tana ta gudu, shi kuwa bai gama lissafi ba.